Gulbi Na Cin Gona, Wa Ake Faɗa Wa?

Garin Tsibiri na yanzu, inda fadar Sarkin Gobir take, ba a nan kakanni suka kafa shi ba. Tsohon garin yana can ƙasa cikin kwari, inda Sarki Mayaƙi ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ya bi ta kan gidajen Tsibiri da na tsohuwar Maraɗi, dole jama'a suka kwashe komatsansu suka hau tudu. Wanda ya taɓa mamakin yadda titunan Maraɗi suka miƙe samɓal, to ga dalili: gari ne da Turawan Faransa suka zana a takarda bayan ruwa ya cinye na farko.

Ɓarna irin wannan ba ta neman mai kai labari, da ƙafarta take shiga ofis. Wadda ke wahalar da mutanen Gidan Rumji da Agiye da Gazawa a yau ita ce mai zuwa a hankali: gaɓar gulbi da ke zaftarewa taku biyu bana, taku uku baɗi; kwazazzabon da ya faro daga hanyar shanu ya doshi maƙabarta; rijiyar lambu da yashi ya binne; ajin makaranta da guguwar farkon damina ta yaye wa kwano. Kowa a ƙauye ya sani. Abin tambaya shi ne ko ma'aikatar magajin gari ta sani, kuma ko sanin nata ya shiga takarda.

Gundumomin nan uku suna jere ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Matafiyi zai fara taka Gidan Rumji, ya wuce Tsibiri da mararrabar Maraɗi, ya bi ta Cadawa da Agiye, sannan Gazawa, wadda sai a 2011 aka yanke ta daga Agiye ta zama gunduma, tare da Gangara a cikinta. Gidan Rumji ce babba, da ƙananan hukumomi biyar, kuma ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum rabin miliyan a cikinta. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, barin saura ya zama labarin tsofaffi. Tun 2019 kuma ga dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su ma suna buƙatar itacen girki da ƙasar gini.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya ratsa Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarumfa, ya gogi Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya fice ta Sululu ya koma Nijeriya ya haɗu da Rima. Watanni kaɗan yake gudu, sauran shekara yashi ne da ramukan masu neman ruwa. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa yankin Gazawa ya yi arewa wajen Mayahi kafin ya karkato yamma, ya fi shi barci: kwari ne na goruba da lambuna, ba kasafai ake ganin ruwa na tafiya a cikinsa ba. Barcin nan ne ke yaudarar mutane su yi gini a kan tsohuwar hanyar ruwa, shi kuwa ruwa ba ya mantuwa.

Yadda gaɓa ke faɗuwa, duk mai gona a bakin gulbi ya gani da idonsa. Ruwa in ya zo kwana ba ya bin tsakiya, gefen waje yake duka. Sai ya yi ta ƙwaƙule gindin gaɓar, sama kuwa tana nan lafiya lau da geronta a tsaye, har mutum ya taka bai san ƙarƙashinsa kogo ba ne. Ƙasar yankin jigawa ce, ba ta da danƙo. Takan sha ruwa ta yi nauyi, kuma sau da yawa ba ranar cikar gulbi take rushewa ba, sai bayan ruwan ya janye, abin da ke tokare da ita ya tafi. Da fari za a ga tsaga siririya ta bi tsawon gaɓar, taku ɗaya ko biyu daga baki. Kwana biyu ta buɗe har ƙafar akuya ta shige. Sai wata safiya a tarar kunya uku ko huɗu sun tafi, saiwar gawo na lilo a iska. Yashin da ruwa ya kwasa nan kuma ba ɓacewa yake yi ba, can gaba zai sauke shi a fadamar wani, ya binne masa baƙar ƙasa da rijiya.

Shi kwazazzabo da baya yake tafiya. Ruwan da ya sauka a kan faƙo ba ya nutsewa, sai ya nemi hanya mai sauƙi: turbar masu zuwa rijiya, burtali, sawun amalanke, ko bakin wata gada da aka yi wa ƙaramar mafita. Inda ya sami ɗan gangare sai ya dira, inda ya dira sai ya haƙa, bakin ramin ya riƙa ja da baya yana hawa tudu kowace damina. Ramin da 'yan buhunan yashi da jeren duwatsu za su tsayar a shekararsa ta farko, in ya girma sai injiniya da motocin dutse.

Daminar 2024 ta nuna abin da ke faruwa in komai ya haɗu. Masana yanayi na Sahel, ciki har da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, sun faɗa tun kafin shuka cewa ruwa zai yi yawa. Ya kuwa yi. A ƙarshen watan Agusta ruwa kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin ƙasa da awa biyu, a yankin da ruwan shekara ɗungurungum ke kai-kawo tsakanin milimita 400 da 600. Mutum 15 suka rasu. Alƙaluman gwamnati na ƙasa baki ɗaya sun kai mamata kusan 400, da mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi da abin ya shafa, jihar Maraɗi kuma ita ce kan gaba da mamata sama da 100. Komawa makaranta da aka shirya ranar 2 ga Oktoba sai da aka ɗage zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne ke kwana a ciki. Waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda ruwa ya tafi da su yawa. Katangar ƙasa da ta kwana uku tana tsotsar ruwa ta gindi ba ta sallama kafin ta faɗo.

Kowane ɗaya daga cikin alƙaluman nan ya faro ne daga wani maigari ko mai unguwa da ya zagaya da littafi. Nijar na da tsani na kai irin wannan labari. An kafa tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa, SAP, a 1989, bayan yunwar shekarun 1970 da ta 1984, daga baya aka sauko da shi har ƙauye. A can ƙasa akwai kwamitocin sa-ido da ake kira SCAP-RU, mutanen gari ne masu lura da ruwa da amfanin gona da lafiyar dabbobi da farashin hatsi. Su ke miƙa bayani ga OSV, kwamitin da ke ma'aikatar magajin gari. Daga nan sai kwamitin gunduma, sai na jiha ƙarƙashin gwamna, sai Yamai, inda a 2016 aka kafa ma'aikatar ministan agaji da kula da bala'o'i. Gefe guda ga hanyar sarauta, maigari ya kai wa sarki, sarki ya kai wa hukuma. In rai na cikin haɗari kuwa ba a bin tsani: lamba 18 ake kira, ta 'yan kwana-kwana, ko a garzaya wurin jandarma.

Akwai canjin da mai kai kuka ya kamata ya sani. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Kansilan da a da ake tarewa a kasuwa ko wurin suna a ce masa ya tuna da maganar ƙorama, babu shi. Ofis na nan, sakatare na nan, ma'aikatan noma da na gandun daji da na gine-ginen karkara na nan, amma bakin da ke ɗaukar maganar ƙauye ya kai ta zauren shawara ya ragu. Wannan ya ƙara wa rubutacciyar takarda daraja.

A rubuce tsanin ba shi da aibu, a aikace kuwa wasu matakansa sun ruɓe. Kwamitocin ƙauye da yawa wani shirin agaji ne ya kafa su, ya ba su littafi da ma'aunin ruwan sama da ɗan kuɗin waya. Shirin na ƙarewa, taro ya mutu. Sannan tsarin tun asali don yunwa aka gina shi, kunnensa ya fi jin «gero bai yi ba» a kan «gaɓa na zaftarewa». Masu ƙidayar ɓarna gida nawa ya faɗi suke tambaya, mutum nawa, dabba nawa, hekta nawa ruwa ya kwanta a kai. Gonar da ruwa ya kwanta a kanta za ta dawo baɗi, wani lokaci ma da ƙarin albarka. Wadda gulbi ya yanka ya tafi da ita ta tafi ke nan, amma a layi ɗaya akan rubuta su, in ma an rubuta.

Ƙidayar kanta tana da inda take tuntuɓe. Masu littafi sukan tsaya a zaure su tambayi maigida. Gida ɗaya a ƙasar Maraɗi kuwa na iya ƙunsar tukunya huɗu: maigida, ƙannensa biyu da iyalansu, da tsohuwar da mijinta ya rasu a ɗakinta na ƙurya. In aka rubuta suna ɗaya, buhu ɗaya zai zo. Gandu ake tambaya, ba a tambayar gamana, ɗan yankin da mace ke noma gyaɗarta ko riɗi ko yakuwa. Rumbun da ya jiƙe ta gindi bai faɗi ba, don haka ba ya cikin lissafi, sai ranar da aka buɗe a tarar da dammunan gero sun yi baƙi. Akwai kuma ɗaya gefen da ba a son faɗa: jerin sunayen da ke kumbura da dare, ɗakin da ya shekara uku a rushe ya wayi gari na jiya ne. Ƙauyen da aka kama da wannan sau ɗaya ya jawo wa rahotonsa na gaskiya shakka.

To wane rahoto ne ke aiki? Ma'aikacin gine-ginen karkara ba abin da zai iya yi da «ruwa ya yi mana ɓarna ƙwarai». Wuri yake nema, da rana, da awo. Hanya mafi arha ita ce turke. A kafa turaku biyu ko uku nesa kaɗan da gaɓa, ko a zaɓi abin da ba ya motsi, kuka ko kusurwar masallaci ko bakin rijiyar siminti, a auna da igiya daga nan zuwa bakin gaɓa kafin ruwan farko, a sake aunawa da kaka. Bambancin shi ne abin da gulbi ya ci, kuma in an yi haka shekara biyu, ko ɗan firamare zai iya lissafa saura damina nawa ya iso makaranta. Hoton waya na taimakawa, amma a riƙa ɗaukarsa daga wuri ɗaya, a tsayar da sanda mai tsawon da aka sani a cikin ramin don a ga zurfi. Layin da ruwa ya bari a jikin bango, da ciyawar da ya rataye a reshe, a ɗauke su kafin su goge. In iska ce ta yaye rufi, a ƙirga kwanon da ya tashi da katakon da ya karye, a ɗauki hoto kafin a tattara. A rubuta kwafi biyu, maigari ya sa hannu, a kai ma'aikatar magajin gari, a roƙi sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a koma da shi gida. Saƙon murya ta WhatsApp na da sauri, a tura shi, amma ba ya zama a cikin fayil. Rashin Faransanci kuma ba hujja ba ce: a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, kuma da wuya ƙauye ya rasa malamin boko ko na allo da zai rubuta shafi ɗaya.

Kowane kuka da lokacinsa. Na gidan da ya faɗi na gaggawa ne, yau ko gobe, kafin masu ƙidaya su rufe littafi. Na zaizaya kuwa da kaka ya fi shiga, sa'ad da ƙaramar hukuma ke haɗa kasafin shekara mai zuwa. Ƙananan hukumomi na da kundin raya ƙasa na shekaru biyar, daga cikinsa ake tsamo ayyukan kowace shekara, kuma masu tallafi irin shirin ProDAF, wanda asusun FIDA ya fara ɗaukar nauyinsa a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2015, sukan duba abin da ke cikinsa. Kwazazzabon da ba ya ciki sai ya jira. Aikin ma da rani ake yinsa: ɗaure duwatsu cikin ragar waya a gindin gaɓa, gina shinge a tsakiyar ƙorama don ruwa ya rage gudu ya baje a fadama, haƙa ramukan rabin-wata a kan faƙo. Wanda ya kai kukan zaizaya a Agusta, ruwa na gudu, haƙuri kawai za a ba shi.

Akwai ofis na biyu da ake mantawa. Gulbi in ya sauya hanya yakan ɗebi ƙasa daga wannan gaɓa ya zuba a waccan, iyakar da kakanni suka sani ta ɓace tare da bishiyar da ke nuna ta. Rigima ke nan, wani lokaci tsakanin 'yan uwa, wani lokaci tsakanin manomi da makiyayi in burtali ne ya zaftare, shanu suka ratse cikin shuka. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, COFO, a ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma, masu shaida mallakar gona su ba da takarda. Wanda ya sa aka auna gonarsa aka rubuta tun ruwa bai taɓa ta ba, yana da abin nunawa ranar shari'a.

Ba komai ne ke jiran hukuma ba, Agiye ce shaida. A shekarun 1980 gonakin yankin sun kusa zama fili fetal, iska na binne shuka, a yi ta maimaita iri. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rage shi a rene shi har ya zama itace, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya yaɗa daga Maraɗi tun 1983, ya kama sosai a ƙauyuka irin Ɗan Saga, inda jama'a suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, shirin PPILDA kuma ya mara musu baya. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo da kalgo da sabara na karya ƙarfin iska, ganyensu na rufe ƙasa ruwa ya nutse maimakon ya gudu. Amma sabara ba ta tare gulbi. Mutanen gari za su iya barin gamba a bakin gaɓa, su daina noma har bakin rami, su hana haƙar ƙasar tubali da ɗibar yashi a gindin gaɓa. Kwanar gulbin da ta doshi gari kuwa, ko gadar da ruwa ya ƙwaƙule wa gindi, ta fi ƙarfin gayya. Gyaran da mutum ɗaya ya yi da ka ma na iya tura ruwan kan maƙwabcinsa na ƙetare.

Wani labarin daga bayan iyaka yake zuwa. Madatsar Jibiya na riƙe ruwan gulbin kafin ya shigo Nijar, ruwan da ya sauka a Katsina da dare kuma na iya gangarowa Madarumfa da Tsibiri alhali su ko ɗigo ba su gani ba. A Yulin 2018 ambaliya ta kashe fiye da mutum 40 a Jibiya, ruwan ya kawo wasu gawarwakin har cikin Nijar. Ƙasashen biyu na da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, a 1990 kuma sun sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan kwaruruka huɗu, ciki har da Gulbin Maraɗi da Tagwai-El Fadama ta gabashin jihar Maraɗi. Yarjejeniya tana can Yamai da Abuja. Mai lambu a Sululu, abin da ya fi yi masa rana shi ne ɗan uwa a saman gulbi da zai kira ya ce ruwa na tafe, a ɗauke injin ban-ruwa, a hana yara wanka.

Nauyin dai bai ƙare a kan talaka ba. Abin da ya sa mutane da yawa ba sa kai rahoto shi ne sun taɓa kaiwa: an zo da mota, an yi jaje, an ce Allah ya mayar da alheri, an rubuta sunaye, shiru. Ƙaramar hukumar da ke rayuwa da haraji da kuɗin kasuwa ba ta da ƙarfin ɗaure gulbi, wannan kowa ya sani. Amma littafin shigar da ƙorafi ba ya cin miliyoyi. Haka aika ma'aikaci a babur ya ga wurin, haka liƙa sunayen waɗanda aka ƙidaya a ƙofar maigari ko karanta su a rediyon gari don wanda aka tsallake ya yi magana, haka faɗa wa mutane gaskiya cewa bana babu kuɗi, amma an miƙa takardarsu gunduma ranar kaza. Hukumar da ta kasa waɗannan, ba talauci ne ya hana ta ba. Wadda kuma ta yanka filaye a kan hanyar ruwa ta karɓi kuɗi, ita ta fara ɓarnar tun hadari bai haɗu ba.

Ga masu gona ko gida a bakin ruwa, daga Sululu har Gangara: a kafa turke bana kafin ruwan farko, a auna, a rubuta, a kai ma'aikatar magajin gari da kaka, a dawo da kwafi mai hatimi. In wata uku suka wuce ba amsa, a ɗauki kwafin nan a kai wa shugaban gunduma.